Toyota Sienna 2011: yadda na same ta wajen maɓallai, sanyi da kayan kariya

Duk mai iyalin da suka fi ƙarfin ƙaramar mota, wanda ya gaji da ɗora yaro kan cinyar yaro idan za a tafi gida hutun Salla, Sienna na cikin motocin da za su fara zuwa masa a rai. Tawa ƙirar 2011 ce, ajin LE, mai injin V6 na lita 3.5, giya shida mai canza kanta, kujera takwas. A garin Princeton na jihar Indiyana ta Amurka ake haɗa su, don iyalan can aka yi su, sai sun gama yayinsu a can su gangaro mana ta Kwatano ko Legas. A Abuja nake aiki, gida kuma Bauchi, don haka hanyar Keffi, Akwanga zuwa Jos ce ta gwada min motar nan, cike da yara da kaya, wani lokaci har da Hajiyarmu.

Ba zancen inji na zo yi ba, kowane bakanike zai gaya maka yana da juriya. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sayen motar da aka cika da kayan kariya da na jin daɗi, mu shekara muna hawa ba mu san aikin rabin maɓallanta ba, wasu kayan ma an kashe su tun kafin mota ta iso hannunmu. Alhali waɗannan kayan su ne suka bambanta ta da bas ɗin tasha.

Da ka zauna a kujerar direba za ka ga sandar giya ba a ƙasa take ba, a jikin dashbod take, kusa da sitiyari. Wannan ya bar fili tsakanin kujerun gaba, inda uwargida ke ajiye jaka da kular abinci. Birkin ajiye mota kuwa na ƙafa ne, can ɓangaren hagu: ka taka ya kama, ka sake takawa ya saki. Wanda ya saba da mota mai kulochi sai ya kiyaye a kwanakin farko, don ƙafar hagu takan nufi wurin da kanta. Kujerar direba ta lantarki ce, sitiyarin kuma yana hawa da sauka, yana matsowa yana komawa, idan ka saki wani ɗan hannu da ke ƙarƙashinsa. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, sai ka ga gajeren direba ya manne ƙirjinsa da sitiyari don ƙafarsa ta kai totur, a daidai inda jakar iska za ta fito da ƙarfi idan aka yi karo.

Agogon gudu yana buƙatar kulawa. Manyan lambobin mil ne, ƙananan na ciki su ne kilomita. Idan allura ta tsaya kan babbar lamba 60, kana wajen kilomita 97 ne a awa, wato ka kusa cika iyakar 100 da dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙananan motoci a babban titi mai hannu biyu. A sauran manyan hanyoyi iyakar 80 ce, cikin gari 50. Wanda ya ɗora allura kan babbar 80 yana zaton yana cikin doka, ya doshi kilomita 130 da iyalinsa a baya. Motar ba ta da ƙara, ba ta girgiza, shi ya sa gudun ba ya nuna kansa. Haka ma'aunin zafin waje, da lissafin Amurka yake tafiya: idan ka ga 100 a watan Maris, kusan digiri 38 ke nan a namu lissafin.

Akwai abu ɗaya a giyar da nake son duk mai bin hanyar Jos ya sani. Idan ka tura sandar daga D zuwa gefen da aka rubuta S, za ka iya taƙaita wa motar giyar da ba za ta wuce ba. A gangaren Hawan Kibo, idan muna dawowa, nakan saukar da ita zuwa 3, inji ya riƙe motar, birki ya samu hutu. Mota ce mai nauyin kusan tan biyu tun kafin a shiga, to ina ga an ƙara mutum takwas da buhun shinkafa. Mai danne birki tun daga sama har ƙasa zai ji warin ƙona kafin ya sauka, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamu yadda ya saba.

Ƙofofin gefe masu zamewa su ne abin da yara suka fi so, su ne kuma abin da ya fi saurin lalacewa a hannunmu. Ana buɗe su daga rimot, ko daga maɓallan da ke saman kan direba kusa da madubi, ko a ja hannun ƙofar sau ɗaya a saki, ita za ta ƙarasa da kanta. Matsalar tana wajen sakin. Baƙo ya saba da ƙofar bas, sai ya kama ya fizga da iyakar ƙarfinsa, injin ƙofar na ja a hankali shi yana ja da sauri, wayar ƙarfen da ke jan ƙofar ita ke shan wahala. Idan ta tsinke, gyaran ba ƙaramin kuɗi ba ne. Shi ya sa duk ranar biki ko suna, idan na san za a yi ta shiga da fita, nakan danna maɓallin da aka rubuta PWR DOOR OFF, ƙofofin su koma na hannu, kowa ya ja yadda ya ga dama. Ƙura ma tana cin su. Lokacin hunturu layin da ƙofar ke bi yakan cika da ƙasa, sai ka ji tana nishi tana tsayawa a rabi. Tsumma da ɗan man shafawa a kan layin sun isa, ba sai an kira mai lantarki ba.

An yi ƙofar yadda idan ta ci karo da abu tana rufewa za ta koma baya. Na gwada da gorar ruwa, ta matse ta kaɗan sannan ta ja da baya. Wannan ɗan matsin ya isa ya sa yaro kuka, don haka ban yarda a bar wa na'ura tsaron yatsun yara ba, sai na waiwaya na ga hannun kowa kafin na danna. A bakin kowace ƙofar gefe akwai wani ɗan makunni, idan ka tura shi ƙofar ba ta buɗuwa daga ciki. Nawa a kunne suke kullum. Wani abu kuma da kan sa a yi zaton ƙofa ta lalace: idan murfin tankin mai a buɗe yake, ƙofar hagu ba ta buɗewa har ƙarshe, don kada ta bugi bututun mai. Na taɓa ganin wani a gidan mai yana kokawa da tasa, yana cewa ta ƙi, alhali aikinta take yi.

Ga Hajiya kuwa, wadda gwiwa ke damunta, ƙofar nan rahama ce. Bakinta faɗi gare shi, ƙasan motar ba shi da tudu, akwai abin riƙewa a jikin ginshiƙi. Kujerun layi na biyu suna zamewa baya sosai har ta miƙe ƙafa. Ran da ta fara shiga cewa ta yi, "Wannan kam Allah Ya yi maka albarka, ba sai an ɗaga ni ba." A jif ɗin ƙanina sai an kawo mata kujera 'yar tsugunno ta taka.

Sanyin motar kashi uku ne: na direba, na mai zaman gaba, da na baya, kowa da nasa ma'auni. Ramukan iskar baya a rufi suke, sun bi layi na biyu da na uku, saboda haka yaron da ke can ƙurya yana samun rabonsa. Wannan shi ne babban abin da ya raba ta da ƙananan motoci, inda na gaba ke rawar sanyi na baya na gumi. Idan mota ta daɗe a rana, nakan sauke gilasai na kunna fanka na ɗan tafi, zafin ya fita, sannan na rufe na danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Haka ta fi saurin yin sanyi, haka kuma ake tsira daga hayaƙin tireloli a cunkoson Mararaba. Da damina, idan gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, sai a mayar da shi kan iskar waje, a kunna esi, a juya iskar zuwa gilashi, cikin ɗan lokaci ya washe. Gogewa da hula ko hannun riga ƙara dagula gilashin yake yi.

Bayan akwatin dashbod na ƙasa akwai matatar iskar da ake shaƙa a ciki. Da na ga fanka na ƙara amma iska ba ta fitowa, wani mai gyaran esi ya ce min, "Alhaji, gas ne ya ƙare, a ƙara kawai." Na ce ya fara zaro matatar mu gani. Ta fito jawur, ƙurar hunturu ta toshe ta har da busassun ganye. Aka sa sabuwa, iska ta dawo, ba a taɓa gas ba. Abu ne da mutum zai iya canzawa da hannunsa a ƙofar gida. Akwai kuma labulen raga da ake jawowa daga jikin tagogin baya, yana tare rana ga jariri mai barci, da wani ɗan madubi mai ƙumbo da ke saukowa daga rufi, wanda ke nuna maka duk abin da yara ke yi ba sai ka juya ba. Ƙananan abubuwa ne, amma a tafiyar awa shida suna da rana.

Layi na uku yana naɗewa ya shige cikin ramin but, ƙasa ta zama shimfiɗe. 'Yar kujerar tsakiya ta layi na biyu ana cire ta, tana da ma'ajiyarta a gefen but. Ta yaro ce, babba ba zai ji daɗinta a doguwar tafiya ba. Kyamarar baya tana nan, sai dai allonta ƙarami ne, inci 3.5, da rana tsaka da kyar ake gani. Tana taimakawa, amma a gidan da yara ke wasa a tsakar gida, gara mutum ya zagaya motar da ƙafarsa kafin ya yi ribas. Robar dashbod ɗin mai tauri ce, ba ta da kyan gani kamar ta motocin da suka biyo baya, wannan kam gaskiya ne.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a saurare ni. Motar nan da jakunkunan iska bakwai ta fito daga kamfani: biyu a gaba, biyu a gefen kujerun gaba, ɗaya a gwiwar direba, sai labule biyu da ke saukowa daga rufi su rufe tagogin layuka ukun. Amma da yawa daga motocin da ake kawo mana masu haɗari ne, an saye su a gwanjo, an yi musu fenti. Jakar da ta fashe tana da tsada, sai wasu marasa tsoron Allah su liƙe murfin sitiyari ba komai a ciki, su cire ƙwan gargaɗin ko su yi masa dabara ya daina kamawa. Gwajin ba shi da wuya. Ka murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tayar da inji ba, ka zuba wa dashbod ido. Dole ne jar alamar mutum zaune da ƙwallo a gabansa ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta mutu da kanta. Idan ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Idan ba ta kama ba sam, wannan ya fi muni, an taɓa ta ke nan.

Lokacin da nake neman mota, an kai ni wurin wata fara tas, kujerun fata, kuɗinta ƙasa da na sauran. Na murɗa makulli, fitilar man inji ta kama, ta batir ta kama, ta jakar iska shiru. Na ja bel ɗin direba, ya ƙi fitowa da sauƙi, ya yi tauri. Dillalin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba komai ba ne, wa ke sa bel a garin nan?" Bel ɗin gaba yana da wata na'ura da ke fizge shi ya ɗaure mutum a lokacin karo, sau ɗaya take aiki, bayan nan sai an canza. Bel mai tauri da fitilar da ba ta kamawa sun ishe ni shaida. Na yi masa godiya na tafi. Araha ba ta ado, balle a abin da zai ɗauki 'ya'yanka.

Akwai kuma kiranye biyu da ya kamata mai irin wannan mota ya sani, wato lokutan da kamfani ya nemi a mayar da motocin a gyara wani lahani. A watan Nuwamba na 2016 Toyota ta kira Sienna wajen 744,000 ƙirar 2011 zuwa 2016 a Amurka, saboda ƙofar gefe na iya buɗewa ana cikin tafiya idan fis ɗin injinta ya yanke. Sannan ƙirar 2011 zuwa 2014 suna cikin motocin da aka kira saboda jakar iskar kamfanin Takata ta ɓangaren mai zaman gaba, wadda sinadarin cikinta ke lalacewa da daɗewa a zafi da laima, har ta iya fashewa ta watsa ƙarfe. Zafi da laima kuwa ba baƙinmu ba ne. Motar da aka fitar daga Amurka kafin a yi mata gyaran, haka za ta iso. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka shigar da ita a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai gyaran da ya rage. Na duba tawa kafin na biya, ba ta da saura.

Bel yana nan a duk kujeru takwas, na tsakiyar layi na uku daga rufi ake jawo shi, yawanci za ka same shi a maƙale ba a taɓa amfani da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwa ga masu zaman gaba da kusan rabi. Amma mu har yanzu sai mun hango 'yan Rodsefti muke jawo shi, wasu ma su soka ƙarfen ta bayan kujera don ƙarar gargaɗi ta yi shiru. A motata ba ma tashi sai kowa ya ɗaura, kuma yaran da kansu yanzu suke tuna wa baƙo. Ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya zama a gaba, haka uwa ba ta rungumar jariri a kujerar gaba, don jakar iska ba ta san jariri ba. A lungun kujerun layi na biyu, inda mazauni ya haɗu da majingina, ka sa yatsa za ka ji wasu ƙarafa biyu. Na maƙala kujerar jariri ne, da wani na uku a bayan kujerar. Idan kuma da bel za a ɗaure ta, sai a jawo shi har ƙarshe a sake shi a hankali, za ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas yana komawa, ba zai sake fitowa ba sai ya koma gaba ɗaya. Da gangan aka yi shi haka don ya ƙulle kujerar yaro. Na ga masu kai mota gareji a kan wannan, suna cewa bel ya lalace.

Birkin yana da ABS, na'urar da ke hana tayoyi cijewa. Idan ka taka da ƙarfi a kan tsakuwa ko jiƙaƙƙen titi, za ka ji abin takawar yana kaɗawa a tafin ƙafarka kamar keken ɗinki. Kada ka ɗaga ƙafa, kada ka yi ta famfo, ka danne ka riƙe sitiyari, motar za ta bi inda ka juya ta. Na ga amfaninsa wani yammaci bayan Toro, ruwa ya sauka, shanu suka ɓullo titi. Yana da kyau mutum ya gwada a fili ba kowa, ya san yadda abin yake tun kafin ranar buƙata. Akwai kuma na'urar hana sulɓi, VSC da TRAC, da maɓallin kashe su. Barinsu a kunne shi ne daidai, sai fa idan taya ta nutse a yashi ko taɓo, kamar hanyoyin ƙauyukanmu da damina, inda na'urar ke rage wa inji ƙarfi a lokacin da kake neman sa. A nan ka danna ka kashe, ka fita, ka mayar. Idan kuma fitilar inji ta kama ta jawo ta VSC tare da ita, sau da yawa laifin na inji ne, motar ce ke kashe na'urar har a gyara. A sa kwamfuta a karanta, kada a yarda da mai cewa a cire kan batir fitila ta mutu.

Fitilar MAINT REQD tana tsorata mutane a banza. Tunatarwa ce kawai ta juyen baƙin mai duk mil 5,000, wajen kilomita 8,000, kuma ana goge ta bayan an yi juye. Ta iskar taya, mai alamar motsin rai a cikin baka biyu, a yawancin motocinmu a kunne take kullum, don batiran na'urorin cikin tayoyin sun mutu ko mai faci ya karya su. Ni ma'aunin iska na saya na ajiye a akwatin dashbod. Takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ta ce iskar taya ta zama 35, masu faci kuwa idan ka ƙyale su sai su ɗura 50, a kan kwalta mai zafi.

Safayar taya ba a but take ba, tana ƙarƙashin mota ta ɓangaren dama, ana sauko da ita ta hanyar murɗa wani noti da ke ƙasan kafet kusa da ƙofar gefe. Ka gwada sauko da ita a gida da rana, ka ga ko wayar da ke riƙe ta ba ta yi tsatsa ba, musamman motar da ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. Kuma idan aka nuna maka mai jan taya huɗu, wadda aka rubuta AWD a bayanta, ka sani ba ta zuwa da safaya, da tayoyi na musamman masu iya tafiya ba iska aka yi ta, waɗanda ke da wuyar samu a nan. Ni mai jan gaba na zaɓa saboda haka.

Abu biyu ne za su iya hana ni ba wani shawarar saye. Tana shan mai, tankinta wajen lita 75 ne, kuma a cunkoson gari da esi a kunne allura na sauka kana kallo. Sannan cikinta kusa da ƙasa yake, idan an cika ta takan goga a manyan tudun rage gudu, bututun esin baya kuwa ta ƙarƙashi suka bi. Wanda hanyar gidansu ta lalace sosai ya nemi jif ɗin Toyota Highlander, ya haƙura da faɗin. Wanda yawancin tafiyarsa kan kwalta ce, da yara da tsofaffi, ni dai ban hau wadda ta fi ta dacewa ba a wannan kuɗin, muddin ya tafi wurin dillali da bakaniken da ya yarda da shi da na'urar kwamfuta, ya ga fitilar jakar iska ta kama ta mutu da idonsa, ya ja bel takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ya rufe ƙofofin gefe da rimot kafin a fara maganar farashi.